Jiki a gida, hankali a kasuwar Dandume

Da kaka ta kama a Funtua da Malumfashi, dillalin masara ba ya ajiye waya. Yana sahun sallah, zuciyarsa na lissafin kuɗin mota. Ya dawo gida, ɗansa na ba shi labarin makaranta, shi kuwa yana duba farashin waken soya a WhatsApp.

Ana kiran wannan himma, alhali asara ce. Mai rabin hankali shi ke ƙirga buhu 48 ya biya kuɗin 50, ya sallame sallah bai san raka'a nawa ya yi ba.

Taura biyu ba ta taunuwa. Ciniki zai iya jiran minti goma, amma ƙuruciyar ɗa ba za ta jira kakar baɗi ba. Lokacin sallah da cin tuwo, a kife wayar.