Hira da malamin fizik: ba a fafe gora ranar tafiya

Ɗalibin da ya gama lisansi ta fizik a Yamai ko Maraɗi, yana neman ci gaba zuwa masta ko doktora, sau da yawa kafin a karɓe shi wani babban malami yakan kira shi su zanta, a ofis ko ta waya. Akan ce masa hira ce kawai. Wanda ya ɗauki wannan magana da wasa ya cuci kansa, domin cikin rabin awa malami yana auna mutumin da zai zauna da shi shekara 2 ko 3, kuma sau da yawa bursu tana rataye ga wannan zama.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya kwana yana haddar littafi kamar yaron lakkol. Malami ya riga ya ga makinsa a takarda. Abin da yake son gani shi ne yadda yake tunani in an aza masa tambayar da bai shirya ba. Yana iya cewa: ƙarfin rana nawa ke sauka bisa rufin ɗaki da tsakar rana? Ɗalibin da ya san cewa wat 1000 ne, ko kusa da haka, bisa kowane murabba'in mita, ya ƙiyasta faɗin rufin, ya yi lissafi a bayyane, ya fi wanda ya zuba dokoki goma da ka. In ya kakare, gara ya ce bai sani ba, sa'an nan ya faɗi ta inda zai fara nema. Ƙarya ba ta ɓuya ga mai aikin awo.

Shiri na gaskiya abu uku ne. Ɗalibi ya iya bayyana aikin da ya yi a shekararsa ta ƙarshe cikin minti 5, har da inda aikin ya gaza. Ya karanta ko da maƙala ɗaya ta malamin. Ya zo da nasa tambayoyi: wa zai biya kuɗin zama, wane kayan awo ke akwai, ina ɗaliban baya suka nufa. Kunya a nan ba ladabi ba ce. Matambayi ba ya ɓata.

Ɗiyan Nijar suna da abin koyi. Abdu Mumuni Jofo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992, ya karkata iliminsa na fizik ga ranar da ke ƙona ƙasarsa, ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, daga 1969. Ɗalibin da ya san tambayar da yake son ya kashe ƙuruciyarsa a kanta, malami zai gane shi tun daga gaisuwa.

Ya kamata malaman jami'o'i su riƙa gwada wa ɗalibansu irin wannan zama kafin ranar ta zo.