Rumbunmu Ba Ya Gidanmu

Kowa a Magarya da Dungas ya san manomi ba ya kai hatsinsa ajiya rumbun wani gari. To, mu ƴan makarantar da muke koyon rubuta manhaja a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ina muka kai namu? Duk abin da muka rubuta yana kan GitHub. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 kan dalar Amurka biliyan 7.5, kuma dokar Amurka ce ke mulkinsa.

Wani zai ce, "Kai malam, kyauta ne fa, mene ne na wahala?" Ni kuwa na ce kayan aro ba ya rufe katara. A Yulin 2019 GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Ɗalibin Tehran bai yi wa kowa laifi ba, amma sai 2021 aka sake buɗe masa ƙofa. Mu ne za a ba labarin takunkumi? Bayan 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana kuran, ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Muna ta kirarin ƴancin kai a filin taro, alhali makullin rumbunmu yana aljihun wani.

Abin haushin shi ne, ginin rumbun bai fi ƙarfinmu ba. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, na kowa ne. Gitea kuma manhaja ce mai yin irin aikin GitHub, an rubuta ta da harshen Go, tushenta a buɗe yake. Ka sauko da tushen, ka saka Go da Node.js, ka buga TAGS="bindata" make build, sai ta dunƙule ta zama fayil guda. Ka tashe shi da gitea web, ka buɗe ƙofa mai lamba 3000, shi ke nan, rumbu ya tsaya. Tsohuwar ordinatar ma ta isa. Ai da tsohuwar zuma ake magani. A gina a Damagaram inda rezo ya fi dama, a ɗauko a kile, a kunna a Dungas da ƙaramin wifi da faranti mai hasken rana. Ƙannenmu na lise su yi aiki tare ba tare da sun sayi forfe ba.

"To don me sai daga tushe, ba ga ginanne nan ba?" Don wanda ya gina da hannunsa shi ya san inda zai duba ranar da abu ya tsaya. Kuma tushe shi ne ƴancin. A 2022, da wani kamfani ya karɓe sunan Gitea, waɗanda ba su yarda ba suka ɗauki tushen suka kafa Forgejo a ƙarƙashin ƙungiyar Codeberg ta Jamus. Ba su roƙi kowa ba.

Rumbu yana son mai kula, wannan gaskiya ne. Zafi da ƙura suna cin na'ura, batir yana mutuwa, dole a riƙa kwafar ajiya kowane mako ana kai ta wani gida. Sauƙin abin, a tsarin Git duk wanda ya kwafi aiki yana riƙe da tarihinsa gaba ɗaya. Ban ce a rufe asusun GitHub ba. A can ake kasa kaya duniya ta gani. Amma kasuwa daban, rumbu daban.

Hutu na zuwa. Maimakon a ƙare shi a fada ana shan shayi ana zagin Faransa, mutum biyar su haɗu, ɗaya ya kawo ordinatar, ɗaya batir, ɗaya ya riƙe makulli. In an koma makaranta, a zo mana da rumbu, ba da labari ba.