Yaron Da Ke Kaɗa Tebur

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun da muka komo daga gwajin koyarwa. A makarantar da aka tura ni, na ga Hedimasta ya tsala wa wani yaro ɗan aji biyar bulala shida, don an same shi yana kaɗa tebur lokacin shan iska, 'yan'uwansa na amshi. Da ya gama sai ya ce masa, "Kai, maroƙi za ka zama?" Ni kuwa ina tsaye ban ce uffan ba, don ina baƙo. Har yau ina jin kunyar shirun nan.

Jama'a, mu da ke zaune a Jos ai mu ya kamata mu fi kowa sanin abin da kiɗa kan zama. A Bukuru aka haifi Alhaji Adamu Ɗanmaraya, wanda ya zaga duniya da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa, ya rasu a 2015 yana da daraja wurin manya da yara. A Jos aka haifi tagwayen nan Peter da Paul Okoye a 1981, waɗanda duniya ta sani da P-Square. A makarantar St. Murumba suka fara, suna kwaikwayon rawar Michael Jackson. Suka ci wata gasar waƙa a 2001, suka fid da faifansu na fari a 2003, sa'an nan na biyu, Get Squared, ya fito a 2005, ya shiga kowane lungu na ƙasar nan. A 2011 har Akon na Amurka ya ƙulla yarjejeniya da su. Bayansu ga Jude Abaga, watau M.I, da ƙanensa Jesse Jagz, ga kuma Ice Prince wanda waƙarsa Oleku ta cika gari a 2010, ya karɓo lambar BET a 2013.

To, me ya sa Jos? Ni a ganina kuza ce. Haƙar kuza ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da Turawa a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, jirgin ƙasa kuma ya yi ta kawo wasu. Yaron da ya tashi a nan da safe ya ji kalangu, da rana ya ji waƙar majami'a, da dare ya ji faifan Amurka. Kunnensa ya saba da gauraye tun bai san sunansa ba, kasuwa kuwa tana son gauraye. Dubi Linkin Park, wasu samarin Kalifoniya da suka haɗa gambarar baƙaƙen Amurka da rugugin jitar lantarki. Kamfanoni da dama sun ƙi su, kafin Warner ya ɗauke su. Faifansu Hybrid Theory ya fito a 2000, shi ya fi kowane faifai ciniki a Amurka a 2001, daga baya ya wuce miliyan 10 a ƙasar kaɗai. Masu son gambara sun saya, masu son jita sun saya, watau kasuwa biyu suka ci da kaya ɗaya. P-Square ma kusan haka suka yi, suka ɗora salon Amurka a kan Turancin kasuwa da kiɗan da mutanenmu ke iya takawa.

Na san abin da Hedimastan nan zai ce, kuma ba duka ne ya yi kuskure ba. Zai ce in ɗaya ya yi arziki da waƙa, ɗari sun lalace a bakin tasha. Zai ce wasu waƙoƙin nan ba ka iya jinsu gaban surukinka. Gaskiya ne. Kuɗin ma ba su hana baƙin ciki ba: Chester Bennington, mawaƙin Linkin Park, ya hallaka kansa a 2017, a shekarar kuma P-Square suka watse sabo da saɓani a kan tafiyar da harkarsu. Sun shirya a 2021, suka sake ɓaɓewa a 2024. Ciki ɗaya fa, rana ɗaya aka haife su!

Amma ina tambaya, wace daga cikin matsalolin nan bulala ke magani? Yaron da aka doka ba ya barin kiɗa, ɓoyewa kurum zai yi, ya koye shi inda babu malami. Can ne zai ɗauko baƙar magana, can ne kuma zai sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, wani ya cinye guminsa. Da ya koya a gabanmu, da mun gyara masa harshe, mun nuna masa lissafin riba da faɗuwa. M.I fa sai da ya yi karatu har a Amurka, daga baya kuma shi ya shugabanci kamfanin Chocolate City da ya fid da shi. Ilmi bai rage masa murya ba.

Wani abin takaici kuma, duk samarin nan sai da suka tafi Ikko kana suka yi kuɗi, don can kamfanoni da manyan dillalan faifai suke. Jos ta yi reno, Ikko ta ci moriya.

Don haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu su ba mu awa ɗaya a mako, ko da yammacin Laraba ne, a koya mana yadda za mu tafiyar da ƙungiyar kiɗa da waƙa a makarantun da za a tura mu. Ba sai an sayo kayan Turawa masu tsada ba. Kalangu ɗaya da kuntigi biyu sun isa a fara, akwai kuma dattawa cikin gari da za su zo su nuna mana in an gayyace su da mutunci. Ni dai in an sake tura ni makarantar nan, zan nemi yaron, in kai shi ofishin Hedimasta, in roƙa a ba mu ajin da babu kowa bayan an tashi.