Lamba Ba Ta Nuna

Ɗan'uwa mai karatu, ka koyi rubuta lamba daga 1 har 90. Madalla. To yi hankali, akwai masu son su ci kuɗinka da wannan sani naka.

Samarinmu na Madawa da Buza da Keita suna zuwa cin rani Abijan, da Legas, da Gana. Can akwai cacar loto. Ana zuba ƙwallaye 90 cikin inji, kowace da lambarta, a juya, a fitar da 5. Waɗansu samari suna dawowa gida da littafi cike da lambobi. Sai ka ji suna cewa: lamba kaza ta daɗe ba ta fito ba, ta nuna, gobe sai ta faɗo. Har akwai masu sayar da lamba, kai ka ce iri ne na albasa.

Wannan magana ƙarya ce.

Gona in ta huta takan ba da gero, don ƙasa ta samu ƙarfi. Ƙwallon loto ba gona ba ce. Ba ta gajiya, ba ta hutawa, ba ta san jiya ba. Gwada da kanka. Samo ƙwallon dabino 90, ka yi wa ɗaya shaida da gawayi. Zuba su cikin ƙwarya, rufe ido, ɗebo 5, ka mayar, ka sake. Mai shaida za ta fito kamar sau ɗaya cikin ɗiba 18. Amma ba layi take bi ba. Wani lokaci ta zo sau biyu a jere, wani lokaci ka yi ta ɗiba har hannu ya gaji ba ka gan ta ba. Masu lissafi sun auna: in aka yi ɗiba 40, lambobi wajen 9 ba za su fito ba ko sau ɗaya. Babu abin da ya same su. Haka dace yake.

Ba mu kaɗai ake ruɗi ba. A ƙasar Italiya ma loto ɗinsu 5 ne cikin 90. A birnin Banis lamba 53 ta ɓace tun shekarar 2003. Mutane suka ce ta nuna. Suka ci bashi, suka jinginar da gidaje, kowane mako suna ƙara zubi. An yi ɗiba 182 ba ta fito ba. Sai cikin Fabrairu 2005 ta fito, bayan gidaje da yawa sun talauce. Kuma masu ilmin boko ne fa!

Mai sayar da lamba zai ce maka ai wane ya ci. Gaskiya ne, akan ci. Amma tambaye shi: in ya san lambar gobe, me ya hana shi zuba nasa kuɗi, ya bar yawo da takalmi tsinkakke?

Ga lissafi, ɗauko alli. In ka zaɓi lamba biyu, su fito tare sau ɗaya ne cikin ɗiba 400. A Najeriya da Gana, wanda ya dace akan ninka masa kuɗinsa sau 240. Ka zuba dala ashirin sau 400, ka kashe jika 40. Ka ci sau ɗaya, an ba ka jika 24. Jika 16 fa? Suna aljihun mai inji, shi da bai taɓa ban ruwan albasa a fadamar Madawa ba.