Kurmi, tsibiri da bakin ruwa a yini guda: a bar teku ya tsara ziyarar Zanzibar

Duk wanda ya fara neman hanyar zuwa Zanzibar hutu, har da 'yan ƙasarmu da kan je can bayan biki ko a ƙarshen shekara, zai ci karo da tayi guda da kusan kowane kamfanin yawon buɗe ido ke yi. Za a ɗauke ka da safe a kai ka kurmin Jozani, a tsallaka da kai tsibirin Changuu cikin kwale-kwale, a ƙarasa da kai bakin ruwan tsohon birnin Zanzibar, duk kafin ka kwanta barci. Tayin ba yaudara ba ne, domin wuraren uku suna kusa da juna kuma yini ɗaya na iya ɗaukarsu. Inda gizo ke saƙa shi ne jadawalin da ake bugawa a takardar talla, mai cewa ƙarfe kaza kurmi, ƙarfe kaza tsibiri, kuma haka yake ko wace rana ce, ko wane wata ne. Ni a ganina irin wannan jadawali shi ne ke ɓata tafiyar. Yinin yana yin daɗi ne idan an bar yanayin teku da iska su yanke inda za a fara, aka ba jagora ɗan gari mai lasisi ikon juya tsarin, aka kuma ƙi yarda a ƙara wuri na huɗu komai zaƙin bakin mai talla.

A fara da lissafin lokaci, tunda shi ba ya ƙarya. Zanzibar tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana kan faɗi wajen ƙarfe shida da rabi na yamma kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri. Jozani yana da nisan kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da tsohon birni, wato kusan awa guda a mota zuwa, awa guda dawowa. Changuu yana da nisan kilomita biyar da 'yan kai a arewa maso yamma, tafiyar kusan rabin awa a ruwa. Kafin a kalli komai ke nan, awa uku sun tafi a hanya. Idan masaukin baƙo yana Nungwi, can ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, inda manyan otal suka yi yawa, sai ya ƙara kusan awa uku na zuwa da komawa. A cire lokacin abinci da na sallar azahar da la'asar, abin da ya rage bai wuce awa biyu-biyu ga kowane wuri ba. Wanda ya ce zai cusa gonar kayan yaji ko tudun yashin Nakupenda a cikin wannan yini, daga waɗannan awoyi biyu-biyu zai yanko lokacin.

Jozani ya cancanci a ba shi haƙƙinsa. Shi kaɗai ne gandun dajin ƙasa a Zanzibar, an ba shi wannan matsayi a 2004, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 50, kuma UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2016. Abin da ke kai mutane can shi ne wani biri mai jan gadon baya da farin gashi tsaye a ka, wanda mutanen wurin ke kira kima punju. A Zanzibar kaɗai ake samunsa, kuma ƙidayar da aka wallafa a 2017 ta nuna bai kai 6,000 ba. Ganye ne abincinsa, wasu ma sukan sauko su tsinci gawayi su ci, saboda yana rage musu dafin da ke cikin wasu ganyayen. Mai tsara tafiya ya kamata ya san cewa birin nan yana kiwo ne da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, da rana ta take kuwa sai ya lafe a kan reshe yana narkar da abin da ya ci. Wanda aka sauke a ƙofar gandun ƙarfe ɗaya na rana ya biya kuɗi ne don ya ga wutsiya tana reto daga sama. Wanda ya iso ƙarfe takwas zai ga uwa da ɗanta maƙale a cikinta tana tsinkar tohon ganye da yatsu huɗu, domin irin wannan biri kusan ba shi da babban yatsa. Daga nan akwai gadar katako ta Pete da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, kuma ita ma tana bin lokacin teku: idan ruwa ya janye za ka ga saiwoyi tsirara da ƙananan ƙaguwa suna shiga ramuka a cikin taɓo, idan ya ciko sai ka yi ta tafiya bisa ruwa.

Da a ce kurmin kaɗai ke son safiya, da magana ta ƙare. Matsalar ita ce teku ma safiya yake so. Daga wajen Yuni zuwa Satumba iskar kudu da masu jirage ke kira kusi tana kaɗawa, kuma ta fi ƙarfi bayan azahar. Mashigin da ya kwanta luf da ƙarfe tara na safe zai iya zama mai tsalle-tsalle da ƙarfe uku, kuma ƙaramin kwale-kwalen katako mai inji a baya ba wurin gwada jarumta ba ne ga wanda ya taso a Kano ko Maraɗi bai taɓa hawa ruwan gishiri ba. A irin wannan lokaci hankali shi ne a fara da tsibiri tun da sassafe, a dawo a yi azahar a cikin gari, a nufi Jozani a riski birai a kiwonsu na yamma. A watannin da teku ya fi kwanciya sai a juya, a fara da kurmi. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin babbar damina da mutanen wurin ke kira masika, wani yinin ma gara a haƙura da tsallakawa baki ɗaya. Sai kuma cikowa da janyewar ruwa, wanda ke faruwa sau biyu a kowace rana, tazararsa a gaɓar Zanzibar takan kai mita uku zuwa huɗu, lokacinsa kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Ya fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, abin da mai lissafi da watan Musulunci zai gane nan take. Wannan ne ke yanke ko za a yi iyo a gaɓar tsibirin, ko kuwa za a tattare wando a taka duwatsu masu kaifi kafin a kai ga jirgi. Takardar da aka buga tun bara ba ta san ko yau nawa ga wata ba.

Shi kansa Changuu ƙaramin wuri ne, tsawonsa kimanin mita 800, kuma idan babu mai ba da labari ba za ka ga komai ba sai tsohon gini da kunkuru. Ana ce masa tsibirin kurkuku, amma ginin da Lloyd Mathews, Baturen da ya yi wa Sarkin Zanzibar waziri, ya sa aka yi bayan ya sayi tsibirin a 1893 bai taɓa karɓar ɗan fursuna ba. An mayar da shi wurin killace matafiyan da ake tsoron sun ɗauko zazzaɓin shawara. Kafin nan, a shekarun 1860, a nan ake tsare bayin da suka ƙi miƙa wuya, kuma wannan shi ne ɓangaren da masu gaggawa suka fi tsallakewa. Manyan kunkurun kuwa asalinsu guda huɗu ne da gwamnan Birtaniya na tsibiran Seshel ya aiko kyauta a 1919. Sun hayayyafa har sun kai kusan 200 a 1955, sannan sata da sayarwa suka cinye su har saura bakwai a 1996, kafin a kewaye su a fara tsaronsu. Wanda ya ji wannan tarihi ba zai bar ɗansa ya hau bayan kunkuru don a ɗauki hoto ba. Game da jirgin da za a hau, babu sassauci. Zanzibar ta yi makokin ɗaruruwan mutane lokacin da jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da tsibirin Pemba a Satumban 2011 saboda lodin da ya wuce kima, wani jirgin kuma ya sake kifewa a Yulin 2012. Mu ma mun san abin da cunkoso da rashin rigar ceto ke jawowa a kogin Neja. A ƙirga rigunan ceto kafin a shiga, a tabbatar akwai na yara, a kuma yi magana ƙarara kan lokacin da mai jirgi zai dawo da mutane.

Bakin ruwan tsohon birni shi ne bai kamata a taɓa matsayinsa ba: a bar shi ƙarshe. Da tsakar rana lambun Forodhani fili ne mai zafi kawai. Bayan la'asar ne yake farkawa, lokacin da samari ke rugowa da gudu suna tsunduma cikin teku daga kan katanga, masu abinci kuma suna jera tebura suna hura gawayi. Cikin ɗan taƙaitaccen tattaki za ka wuce tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, da Baitul Aja'ib da Sarki Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya sami wutar lantarki a tsibirin, wanda wani sashensa ya rufta a Disamban 2020. A gaban nan ne jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa fadar sarki luguden wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai awa guda ba. Wanda yake da sauran ƙarfi ya shiga lungunan birnin, da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000, ya isa majami'ar da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Masallatai suna ko'ina, magariba ba za ta kuɓuce wa kowa ba, bayanta kuma ga tsire da ruwan rake da miyar urojo a Forodhani. Jumma'a da watan azumi sukan sauya tafiyar garin, wannan ma aikin jagora ne ya sani ya faɗa tun da wuri.

Za a ce jagora ƙarin kuɗi ne, alhali taswira da jadawalin cikowar teku duk suna cikin waya. Gaskiya ne suna ciki, kuma kuɗin tafiyar ya riga ya yi nauyi, tunda daga Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar dole ta dala 44 kafin ya shiga Zanzibar. Amma waya ba za ta gaya maka wane mai jirgi ne ke ɗaukar mutane fiye da kima ba, ba za ta kira abokinta a gaɓa ta ji yadda ruwa ya kwana ba. Ba za ta kuma raba ka da rikicin agogo ba, domin Waswahili suna fara ƙirga awoyi daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe biyunsu na safe shi ne ƙarfe takwas namu, kuma alkawari da direba ya sha rushewa a kan wannan. Abin da ya kamata a guje wa shi ne 'yan cuku-cukun bakin titi da mutanen garin ke kira papasi, masu karya farashi sannan su cike giɓin ta hanyar zagayawa da kai shagunan da za a ba su kamisho. Hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar tana ba jagorori lasisi, neman ganin katin kuma ba rashin kunya ba ne. Araha ba ta ado, balle a kan ruwa.

Wasu kuma za su zo ta ɗaya gefen, su ce haɗa wurare uku a yini guda leƙe ne kawai, gara a ba kowanne ranarsa. Wanda yake da mako guda da kuɗin mota sau uku, ban ƙi ya yi hakan ba. Amma yawancin masu zuwa daga yammacin Afirka sun riga sun kashe kwana biyu a jirgin sama ta Adis Ababa ko Nairobi, kwanakin da suka rage musu ƙalilan ne. Awa biyu sun wadatar a Changuu, awa biyu zuwa uku sun wadatar a Jozani, in dai a daidai lokacinsu aka zo. Akwai ma masu cewa zuwan baƙi yana takura wa biran, kuma suna da hujja idan ana matsa musu ko ana ba su abinci. Sai dai wani kaso na kuɗin shiga gandun yana komawa ƙauyukan da ke kewaye, inda manoma ke jure ɓarnar da birai ke yi musu, kuma kulawar da aka ba wurin ce ta sa aka yi tudun rage gudu a titin da ya ratsa kurmin, abin da ya rage yawan biran da motoci ke kashewa. Maganin takurar shi ne ƙaramar tawaga da ke bin dokar tsayawa nesa da dabba da aƙalla mita uku, wanda kuwa aka ƙure masa lokaci shi ne ya fi karya wannan doka.

Saboda haka mai niyyar wannan tafiya, kafin ka tura ko sisi, tambayi kamfanin ƙarfe nawa teku zai ciko a ranar da ka zaɓa, kuma wane wuri za su fara da shi saboda hakan. Tambaye su mutum nawa ne a tawagar, ko kuɗin shiga gandu da na tsibiri suna cikin farashin, da abin da za a mayar maka idan iska ta hana tsallakawa. Kamfanin da ya amsa maka da cewa tsarinsu ɗaya ne kullum, ka gode masa ka nemi wani.