Sharhi: Wace tsohuwar mota ce ta cancanci a yafe mata haraji, ta Landan ko ta Alakoss?

A ranar 1 ga Afrilu, 2025, duk motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu, 1985 ta samu damar shiga ajin "motocin tarihi" a Birtaniya. Doka ce da ke tafiya da shekaru: da zarar mota ta haura shekara 40, mai ita zai ɗauki takardar mallakarta, wato V5C, ya kai gidan waya, a aika wa hukumar DVLA ta sauya mata aji. Daga nan ba ya ƙara biyan ko kwabo na harajin hanya. Tun Mayun 2018 ma an ɗauke wa irin waɗannan motoci tilascin gwajin lafiya na shekara-shekara, muddin ba a yi musu wani babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce.

'Yan ci-rani da suka ga wannan tsari da idonsu suna da hujjar yin tambaya: me zai hana a yi haka a Nijar, inda tsofaffin motoci suka fi yawa? Tambayar tana da kyau, amma kafin a amsa ta sai an duba sharaɗin da ke ƙarƙashin rangwamen. Dokar Birtaniya ta ce motar da ake haya da ita, ko ake harkar kasuwanci da ita, ba ta cikin waɗanda aka yafe wa, komai tsufanta. A Faransa ma, inda shekara 30 ta isa mota ta samu takardar motocin ajiya, kuma ake duba lafiyarta duk shekara 5 maimakon 2, an hana yin sana'a da ita. Jamus tana ba motar da ta kai shekara 30 lamba mai harafin H a ƙarshe, da haraji guda wanda bai kai Yuro 200 a shekara ba, bisa sharaɗin an adana ta yadda take tun asali. A taƙaice, Turai tana sassauta wa motar da ta yi ritaya ne, wadda ke kwana a gareji, a fito da ita ranar hutu a sha iska.

A Alakoss, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Gure a jihar Damagaram, tsohuwar mota ba ta san ritaya ba. Kwalta tana can kudu, a babbar hanya ta ɗaya da ta ratsa Gure ta nufi Diffa. Daga nan zuwa ƙauyukan arewa rairayi ne da turɓaya, inda ƙaramar motar birni ba ta da ta cewa. Abin da ke iya wa hanyar shi ne tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da manyan motocin kaya da suka ga jiya suka ga yau. Su ke ɗaukar buhunan hatsi da awaki ranar kasuwa, su ke kawo sukari da man girki, kuma idan naƙuda ta yi tsanani cikin dare, sau da yawa su ne motar asibiti. Toyota ta fara ƙera samfurin Land Cruiser 70 a 1984. Ta farko-farkon da ke Ingila yanzu ta zama kayan tarihi, 'yar'uwarta kuwa tana nan tana haƙilo da lodi har saman ƙarfe.

Don haka idan aka kwafo dokar Turai yadda take, babu direban Alakoss ko ɗaya da zai amfana, tunda duk haya suke yi. Wanda zai ci moriya shi ne mai hali a Yamai da ya ajiye tsohuwar Marsandi don sha'awa. A rage wa mai shi haraji, a bar wanda ke kai mara lafiya Gure yana biya cif, wannan ba adalci ba ne.

Sai dai akwai darasi guda a tsarin Birtaniya da ya dace a ɗauka. Ko da ba a biyan komai, dole mai motar ya sabunta rajistarta kowace shekara. Gwamnati ta haƙura da kuɗin, amma ba ta haƙura da sanin inda motar take da wanda ke da ita ba. A karkarar Nijar lamarin ya juya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai motocin daji da ke guje wa kwalta da shingen jandarma saboda takardunsu ba su cika ba: harajin shekara da ake kira binyet, inshora, da takardar gwajin lafiya. Motar da ba ta zuwa inda hukuma take, babu mai duba birkinta ko tayoyinta. Baitulmali bai samu kuɗi ba, fasinja kuma ya hau da ransa a hannu.

Abin da ya kamata Hukumar Haraji ta Ƙasa, DGI, da Ma'aikatar Sufuri su duba shi ne rangwamen da ya dogara da aikin da mota ke yi. Motar da ke jigila tsakanin ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, a yi mata rajista a ofishin magajin gari, a rage mata binyet sosai ko a yafe gaba ɗaya, da sharaɗi guda: kowace shekara a gabatar da ita a duba birki, taya, fitila da sitiyari. Kuma masu dubawar su riƙa zuwa Gure a ranakun da aka sanar, domin tura direba Damagaram, tafiyar sama da kilomita 150 daga Gure, ga mai ga asarar yini biyu, shi kansa wani harajin ne.

Za a ce ƙasa na buƙatar kowane dala a wannan lokaci, kuma masu wayo za su yi wa motocin birni rajistar ƙauye. Duka biyun gaskiya ne. Amma kuɗin da ba a taɓa karɓa ba, ba a yi asararsa ba, kuma a ƙaramar hukuma irin Alakoss kowa ya san motocin da ke zuwa kasuwa da direbobinsu. Magajin gari da ƙungiyar direbobi za su iya tantance su cikin yini guda.

Su ma 'yan ƙasa mazauna waje suna da nasu rabon. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa, da yawansu a lalace. Wanda ke shirin aiko wa ƙanensa mota ya san cewa matsayin "tarihi" ba ya ƙetare teku da ita. A duwan da ofishin haraji mota ce kamar kowace. Idan kuwa akwai wadda ke aiki a gida, kuɗin taya huɗu sababbi da gyaran birki sun fi wata gajiyayyar da za a ƙaro.

Adana tarihi abu ne mai kyau, kuma Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ya dace ya tanadi wuri ga irin su Fijo 404 da Berliet da suka yi wa ƙasar nan hidima. Amma kafin a yi wa motar da ta huta gata, a fara da wadda har gobe za ta tashi da asuba daga Alakoss, cike da mutane, ta nufi kasuwa.