Harshen Talaka da Haƙƙin Talaka: Darasi Daga Shehun Malami Ngugi

Masu iya magana sun ce ilmi gishirin zaman duniya, amma gishirin da aka kulle a rumbu ba ya gyara miya. Tarihin Shehun Malami Ngugi wa Thiong'o na ƙasar Kenya, wanda ya rasu ran 28 ga Mayu, 2025, ya isa shaida.

A 1968, yana ƙaramin malami a Nairobi, shi da abokan aikinsa biyu suka nemi a rushe Sashen Turanci, a kafa na adabi wanda zai fara da Afirka. Hujjarsu ita ce an sauke tutar Ingila, amma ɗalibai suna ta duban duniya da idon Bature.

Littattafansa na Turanci sun soki manya, duk da haka ba a kama shi ba. Har ma Ministan Kuɗi, Mwai Kibaki, shi ya ƙaddamar da Petals of Blood a 1977. Sai da manoma da leburorin ƙauyen Kamiriithu suka nuna wasan kwaikwayon da ya tsara tare da Ngugi wa Mirii cikin harshen Kikuyu, kan ƙwacen gonaki da ƙarancin lada, sa'an nan aka hana wasan. A ƙarshen Disamba 1977 aka jefa shi kurkukun Kamiti, ba tuhuma ba shari'a. Da aka sake shi bayan shekara guda, ba a mayar masa da aikinsa ba, kuma daga 1982 ya shiga gudun hijira.

Dalili a fili yake. Sukar da ba ta wuce aji ba ba ta hana mai mulki barci. Wadda talaka ya ji da harshensa kuwa, tana sanar da shi haƙƙinsa.

Wasu na cewa ai Turanci ne ya ɗaukaka shi, kuma a jami'o'in Amurka ya ƙare aikinsa. Haka ne, amma korar da aka yi masa ce ta kai shi can, kuma bai daina rubutu da Kikuyu ba.

Saboda haka ya kamata ɗalibin adabi ya auna digirinsa da yawan waɗanda suka amfana. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tuna cewa dokar da talaka bai fahimta ba, da wuya ta kare shi. Allah Ya sa a gane.